Bakaniken da Ya Ƙi Warkewa

A layinmu babu wanda zai ce maka ya taɓa riƙe tafin hannun Bakanike. In ka miƙa masa hannu, sai ya dunƙule yatsunsa, ya lanƙwasa su ciki, ya miƙo maka wuyan hannu, kai kuma ka kama kamar mai duba bugun jini. Haka yake gaisawa da direban tifa, haka yake gaisawa da surukansa. Ko ranar hutu ce, ya yi wanka ya sa farar riga, hannun nan tas kamar na ma'aikacin banki, wuyan hannun dai za ka samu. Na taɓa tambayarsa dalili, ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa mota take da taya.

"Baƙin mai ba ya fita, maƙwabci," in ji shi. "Ɓuya kawai yake yi."

Gidana da nasa katanga ce ta raba, shi ya sa nake maƙwabci, ban kuma taɓa jin ya kira ni da wani suna ba. Shi ma sunansa na gaskiya sai dai a katin asibiti. Garejinsa yana ƙarshen layi: rumfar kwano, rami mai matakala inda ake shiga a duba cikin mota, sai tsohuwar kujerar bas da ya jingina da bango, soso ya leƙo ta ko'ina. A nan ya ƙare ƙuruciyarsa. Tun yana ƙarami aka kai shi wajen wani oga da ba ya magana sai da ido, in ido bai isa ba ya jefo sifana. A wurinsa ya koyi gyaran mota, ya kuma koyi tsimin magana. Abin da Allah ya ba shi nasa na kansa shi ne kunne. Mota za ta karyo kwana yana tsakiyar cin abinci, sai ya ajiye cokali ya ce, "Wannan filoginta ɗaya ya mutu." Ba motarsa ba ce, ba a kawo masa gyara ba, mai ita ma bai san yana duniya ba, amma abincin ya gama fita ransa. Injin da ke wahala, a kunnensa, kamar jariri ne ke kuka a ɗakin da aka kulle.

Matarsa, wadda duk layi ke kira Goggo, ita ta ɗauki nauyin magana a gidan. Takan ce ranar da aka raba surutu mijinta yana ƙarƙashin mota, sai ta karɓo masa nasa ta haɗa da nata. 'Ya'yansu mata duk sun yi aure, sai namiji ɗaya tilo, Dogo, wanda ya samu sunan tun yana firamare don kullum shi ake kaiwa bencin baya.

Goggo ce ta ba ni labarin abin da ya faru ranar da Dogo ya fara zuwa makaranta. An ɗinka masa farar riga, an goge ta har tana tsayawa da kanta. Da aka tashi, yaro bai zarce gida ba, ya kwasa da gudu sai gareji, ya faɗa jikin ubansa. Uban ya manta da kansa, ya cafe shi ya ɗaga sama. Da ya sauke shi, ga tafin hannu biyu baƙi ƙirin a bayan rigar, yatsa-yatsa. Goggo ta jiƙa, ta wanke, ta sake jiƙawa, tabo ya ce yana nan. Washegari 'yan aji suka yi ta yi masa dariya, malami ya tsayar da shi a gaban allo, ya dawo gida da kuka yana cewa shi ba zai koma ba. Bakanike ya je ya sa aka ɗinka wata. Amma daga ranar, in yaron ya taho da gudu, sai uban ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda 'yan fashi suka tare, ya ce, "Tsaya nan, da mai a jikina." Yaro kuwa ba ya daɗewa bai gane inda ba a son ya je ba. Sannu a hankali Dogo ya daina gudun. Sai ya tsaya bakin rumfa ya ce, "Baba, sannu da aiki," uban ya amsa daga ƙarƙashin mota, a rabu a haka.

Kada wani ya ɗauka ba ya son 'ya'yansa. Son nasa dai ta ƙarfe yake bi. Keken Dogo ya sha giris har ya fi motocin wasu lafiya. In 'yarsa ta zo ganin gida, kafin ta gama cire takalmi ya fita yana zagaya motar mijinta, yana danna taya da ƙafa. Ranar da Dogo ya samu aiki a wani kamfanin yin robobi a gari mai nisa, uban ya raka shi tasha, ya tsare direban bas da tambayoyi a kan birki har mutumin ya fara tunanin ko jami'in hukuma ne. Da lokacin sallama ya yi, ya dubi ɗansa sama da ƙasa, ya ce, "In ka isa ka kira uwarka." Shi ke nan jawabin.

Dogo ya yi aure a can, ya haihu, ya tara gemu. Yakan zo hutu, su zauna da ubansa a tsakar gida kamar baƙi biyu da ke jiran mota ɗaya.

Sai tsautsayi ya zo ta inda ba a zata ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana shiga rami yana fita, wata safiya ya taka ɗigon mai a bakin matakala, ƙafa ta kwashe, ya faɗa ciki ta ƙugu. Aka kwashe shi sai asibiti, aka yi tiyata, aka sa masa ƙarfe da kusoshi. Da aka nuna masa hoton ƙashin, ya ɗaga shi ga hasken taga ya daɗe yana kallo, sannan ya ce aikin ba laifi, amma da shi ne da ya ƙara noti ɗaya a ƙasa.

Dogo ya ɗauki hutu ya taho. Dole shi ne zai yi jinya, don Goggo ba ta da ƙarfin ɗaga namiji, 'ya'ya matan kuma kowace na gidanta.

Likitan gashin ƙashi, wanda ke koya wa marasa lafiya motsa jiki bayan tiyata, wani mai ƙiba ne mai fara'a, ba ya iya ƙare magana bai yayyafa mata Turanci ba. Ina nan na je dubiya ranar da ya zo koya musu yadda ake tashi daga gado.

"To, Baba, yau za mu miƙe. Kai Dogo, matso. Rage tsawo, gwiwarka ta tokare tasa. Zura hannuwanka ta ƙarƙashin hamatarsa, ka haɗe su a bayansa. Baba, kai kuma ka zagaye kafaɗunsa. Yauwa, ka yi masa hog."

"In yi masa me?"

"Hog, Baba. Hog mai kyau."

Bakanike ya juya ya dubi Goggo.

"Ni kar ka dube ni," in ji ta. "Tare muka ƙi zuwa makaranta."

Likita ya yi dariya. "Rungume shi, Baba."

"To ka ce haka mana."

Ya ɗora damatsansa a kafaɗun ɗansa, amma hannuwan suna can a iska, a dunƙule, kamar wanda ya taɓa ɗanyen fenti.

"Baba, yatsun nan na ado ne? Kama shi sosai. In ka zame ni za a tambaya."

Da ƙyar yatsun suka buɗe, suka sauka a bayan Dogo ɗaya bayan ɗaya, kamar masu neman izini. Likita ya ƙirga, Dogo ya yunƙura, tsoho ya miƙe yana nishi, ƙirjinsa a jikin ƙirjin ɗansa, haɓarsa a kafaɗarsa. Kowannensu ya kafe idonsa a bangon da ke gabansa. Ban taɓa ganin mutum biyu sun yi kusa haka suna kuma ƙoƙarin nuna ba su san juna ba.

Da kowa ya fita, Bakanike ya yafuto ni.

"Maƙwabci, kai da ka yi boko. Kalmar nan ta likita, sunan aikin ɗaga majinyaci ne?"

Na ce masa a'a, runguma ce dai. Amma ba irin ta 'yan kokawa ba, ba kuma irin wadda ake yi wa buhu in za a ɗora shi a mota ba. Ta ƙauna ce. Uwa takan yi wa ɗanta, aboki ya yi wa abokin da ya daɗe bai gani ba, a yi wa mai tafiya, a yi wa wanda aka yi wa rasuwa in magana ta ƙare a baki.

"Sai da dalili ke nan."

"Wani lokaci babu. Mutum kawai zai ji yana so, ya ce zo."

"Haka kawai? Ba ciwo, ba faɗuwa?"

"Haka kawai."

"Har uba da ƙaton ɗa mai gemu?"

"Har su."

Ya kwanta yana kallon silin. "Mutanen nan ba su da aikin yi," in ji shi. Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara neman takalmina, sai ya ƙara, "Tsawon wane lokaci ake yi?"

Na ce ba a sa masa agogo.

"Ƙarya ne. Komai yana da ƙa'ida. Noti ma in ka matse shi ya wuce kima tsinkewa yake yi."

Aka sallame shi ya dawo gida. Aka fitar da kujerun falo aka sa masa gado kusa da taga, da kujerar roba mai hannu, da sanda a jingine a kusurwa wadda ya ce ba zai taɓa ba don ba tsoho ba ne. Kullum da safe Dogo zai shigo, ya naɗe hannun riga, ya rage tsawo, ya ɗaga shi daga gado zuwa kujera. Da rana a kai shi bayan gida a dawo da shi. Da yamma a mayar da shi gado. Da farko abin kamar sauya taya ne, sharp-sharp a wuce wajen. Daga baya sai na lura tashin yana ƙara tsawo.

"Tsaya, tsaya," Bakanike zai ce suna tsaye a tsakiyar ɗaki, "jiri nake ji."

Dogo ya tsaya cak, yana riƙe da shi.

"Ya wuce, Baba?"

"Da saura."

Wani abin mamaki, a wannan tsayuwar ce kaɗai suke hira. Da yake ba sa ganin fuskar juna, sai baki ya buɗe. Nan ne Bakanike ya ji cewa babbar jikarsa tana tsoron kaza, nan ne ya tambayi wane irin inji suke amfani da shi a kamfani, nan ne ma wata rana na ji shi ta taga yana ba da labarin ogansa mai jifa da sifana, har Dogo na dariya tsohon na girgiza a hannunsa. Da an ajiye shi a kujera, sai kowa ya koma gidan jiya.

Hutun Dogo ya ƙare, ya roƙi ƙari aka ba shi. Shi ma ya ƙare, ya sake roƙo, aka ba shi da tsaki. Likitan gashi kuwa kansa ya ɗaure. Aka sake ɗaukar hoto, ƙashi ya haɗe lafiya lau. Ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙe ta, ya matsa nan ya matsa can.

"Baba, ƙafar nan ta isa ta buga ƙwallo."

"A hoto," in ji Bakanike. "Mota ma kana iya ganinta tana sheƙi, ka murɗa makulli ta ƙi tashi."

Sai manajan kamfanin ya kira da kansa. Ya ce ya yi haƙuri iya haƙuri, injin Dogo ba zai ci gaba da zama babu mai shi ba. In sabon wata ya kama bai gan shi ba, zai ba wani. Watan kuwa ya zo ƙarshe. Matar Dogo ita ma tana kira safe da yamma, ba ta cewa ya dawo, sai dai ta ce yara na tambaya, wanda ya fi cewa ya dawo ciwo. Na same shi a ƙofar gida yana jujjuya waya a hannu, duk ya rame.

"Kawu, ni na yanke shawara. Gobe zan kira su in ce su ba wani. Ba zan tafi in bar shi ba ya iya kai kansa bayan gida ba. Aiki Allah zai kawo wani."

Ni dai na san irin aikin nan ba a tsintarsa a hanya, shi ma ya sani.

A ranar da la'asar Dogo ya tafi kantin magani. Ni kuma na fito zan je unguwa, tsohuwar motata da ke fake a jikin katangarsu ta ce ba inda za ta. Na murɗa makulli, ta yi tari ta mutu. Na sake murɗawa, na taka totur, ta yi wani kuka kamar akuyar da aka take wa wuya. Na yi ta murɗawa, ina takawa, ina yi mata magiya. Can sai na ji tsawa a kaina.

"Kai! Ɗaga ƙafarka daga totur ɗin nan! Ka cika ta da mai, za ka kashe batir a banza! Buɗe bonet!"

Na buɗe kafin in yi tunani. Ya sunkuya, ya ciro wata waya ya hura, ya mayar, ya ce in murɗa ba tare da na taka komai ba. Mota ta tashi tana murmushi. Ya karkata kai yana sauraro, fuskarsa ta saki kamar wanda aka cire wa ƙaya. Sai a lokacin na dube shi da kyau. Bakanike ne tsaye a titi, ba takalmi, ba sanda, ba Dogo. Ya ratso falo, ya ratso tsakar gida, ya tsallake dokin ƙofa, da ƙafafunsa.

Shi ma sai a lokacin ya dubi ƙafafun. Ya dube ni. Ya fara laluben jikin mota zai jingina, yana shirya fuskar ciwo, amma ya makara. Goggo na tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Sannu da zuwa, Baban Dogo," in ji ta. "Ya hanya?"

Muka koma ciki. Ya zauna a bakin gado kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

"Tun yaushe?" in ji Goggo.

"An ɗan kwana biyu."

"Ni dai na ga takalmanka suna yawo. In ajiye su nan, in dawo daga kasuwa in gan su can. Har na fara tunanin kiran masu addu'a. Ashe aljanin a kan gado yake kwance ina kai masa shayi." Ta ajiye ludayin, muryarta ta sauka. "Yaron nan gobe zai ajiye aikinsa. Yana da mata, yana da 'ya'ya. Ka sani?"

"Gobe?"

"Gobe. Tambayi maƙwabci."

Na gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon hannuwansa a kan gwiwa.

"Kin san yana da furfura?" in ji shi. "A nan, bayan kunne. Ban san lokacin da ta fito ba. Akwai kuma tabo a ƙeyarsa, ya ce ƙarfe ne ya buge shi a wurin aiki, har ɗinki aka yi. Ba wanda ya gaya mini."

"Ka tambaya?"

Can ya ce, "In na miƙe, shi ke nan. Zai koma tsayawa a bakin ƙofa yana cewa Baba sannu, ni ina cewa yauwa. Na ce bari in ƙara kwana ɗaya. Gari ya waye in ce bari in ƙara ɗaya."

Na zata Goggo za ta sauke masa kwandon faɗa, don ta saba yi a kan abin da bai kai wannan ba. Sai ta zauna kusa da shi, ta share ido da bakin mayafi.

"Oh ni. To wa ya hana ka? Hannun naka ne, ɗan naka ne. Sai ka faɗa rami tukuna? In ya zo hutu na gaba fa, ɗaya ƙugun za ka karya?"

Ya yi ɗan murmushi a karkace. Ya roƙe mu kada mu faɗa, shi zai faɗa da bakinsa.

"Na ba ka zuwa safe," in ji Goggo. "Kafin ya taɓa wayar nan. Maƙwabci, ka zo ka zama shaida. In ya fara jiri, ni zan warkar da shi."

Da safe na shigo da sunan gaisuwa, na samu waje na rakuɓe. Goggo na ta goge teburin da ba shi da ƙura. Dogo ya shigo, wayarsa a aljihun gaba, idonsa ja alamar bai yi barcin kirki ba. Ya gaishe mu, ya naɗe hannun riga, ya rage tsawo a gaban gado, ya buɗe hannuwa.

"Bismillah, Baba."

"Dakata."

Bakanike ya dafa katifa, ya miƙe. Ya taka har bakin ƙofa, yana ɗan ɗingishi, ya juyo, ya dawo ya tsaya a gaban ɗansa.

"Na warke."

"Ikon Allah!" in ji Goggo. "Yanzu-yanzu?"

"Ke, yi mana shiru." Ya gyara murya, yana kallon maɓallin rigar Dogo. "Ba yau ba ne. An kwana biyu. Ni na riƙe ka, ba ƙafar ba. Ban kyauta ba. Ɗauko wayar nan ka ce musu kana hanya."

Dogo ya sosa gemu. Ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa.

"Baba, ai na sani."

"Ka san me?"

"Da farko in na ɗaga ka, sai bayana ya amsa. Daga baya na fara jin ƙafafunka na taya ni. Kwanan nan ma kai kake tashi da kanka, ni riƙe ka kawai nake yi."

"Shi ne ba ka yi magana ba?"

"Kai ma ai ba ka yi ba."

"Da kuma ka ajiye aikinka?"

"Na ce ko akwai abin da ke damunka wanda hoto bai nuna ba. Tunda ba ka ce in tafi ba, ta yaya zan tafi?"

Goggo ta tafa hannu. "Maƙwabci, ka ga gidan da Allah ya kawo ni ko? Aiki zai salwanta, mutum biyu sun sani, kowa ya ɗinke baki. Kai, kira mutanen nan kafin in karɓi wayar in yi musu bayani da kaina, su kore ka da hujja."

Dogo ya fita tsakar gida ya kira. Muna jiyo shi yana ta "na gode, ranka ya daɗe, in Allah ya so." Ya dawo ya ce manaja ya amince, amma lallai gobe da safe a gan shi a gaban injinsa. Ke nan sai ya kama motar rana. Gida ya hargitse da haɗa kaya. Goggo na cusa tsaraba a jaka tana fitar da kayan sawarsa don a samu wuri, shi yana mayarwa, tana sake fitarwa. Bakanike na zaune yana kallo.

Da tasi ta tsaya a ƙofar gida, ya miƙe da kansa ya rako shi har waje. Direba ya sa jaka a but. Dogo ya durƙusa wa uwarsa ta sa masa albarka, ya yi mini sallama, sannan ya tsaya nesa kaɗan da ubansa, hannuwa a baya.

"To, Baba, Allah ya ƙara sauƙi."

"Matso."

"Na'am?"

"Na ce matso. Kunnenka ne ya karye kuma?"

Dogo ya matso. Saboda sabo har ya fara rage tsawo yana neman tokare gwiwa.

"Miƙe tsaye. Ba ɗaga ni za ka yi ba."

Ya jawo shi ya rungume, a tsakiyar titi, mai shagon gaba da mu na kallo, direban tasi na kallo. Ba wata gwaninta a ciki. Hular Dogo ta karkace, tsohon ya yi ta bubbuga bayansa da ƙarfi kamar mai neman inda kwano ya lotsa. Kafaɗun Dogo na rawa. Goggo ta juya tana yi wa direba faɗa a kan ya fake motarsa a karkace, don ta samu inda za ta kai idonta.

Uban ne ya fara saki.

"Ya isa. Tafi, kar mota ta bar ka."

Tasi ta ja. Ya tsaya ƙyam, ƙirji a gaba, bai dafa komai ba, don in Dogo ya waiwayo ya gan shi a kan ƙafafunsa. Dogo kuwa ya yi ta waiwaye har suka sha kwana. Sai da ƙarar motar ta ɓace sannan ya miƙo hannu ya damƙi kafaɗata, nauyinsa duka ya sauko a kaina.

"Maƙwabci, ce mata ta kawo kujera."

"Au," in ji Goggo, "an koma?"

"Kawo kujera, baiwar Allah. Wannan karon da gaske nake."